Yadda Ake Dannar Ƙirjin Wanda Zuciyarsa Ta Tsaya Ba Tare da Ƙarfi Ya Ƙare Ba

Mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Kafanchan ko a gonar citta a Kwoi, an kira shi bai amsa ba, numfashi kuma babu sai gurnani jefi-jefi. Kada a tsaya zuba masa ruwa, ko cusa masa cokali a baki, ko shaƙa masa albasa. Tura wani ya kira 112 ya kuma nemo mota, kai kuma ka fara dannar ƙirji, wadda ma'aikatan jinya ke kira CPR. Ƙwaƙwalwar da jini ya yanke mata takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma ba direban da zai taso daga Godogodo ko Zonkwa ya iso babban asibitin Kafanchan cikin wannan ɗan lokaci.

In a kan gado yake, sauko da shi ƙasa, a rigingine. Katifa shanye dannar take yi, ka gaji a banza.

Yanzu sai zaman jikinka, kuma nan ne akasarin mutane ke ɓata aikin, domin sun ɗauka aikin damtse ne, alhali nauyin gangar jiki ne ke yinsa. Durƙusa dab da gefen ƙirjinsa, ka ware gwiwoyi daidai faɗin kafaɗunka. In kan tsakuwa ne, sa silifa ko ninkakken zani a ƙarƙashinsu, don zafin gwiwa na saurin karkata mutum. Ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, kan rabin ƙasa na ƙashin ƙirjin, ka aza ɗayan a kai, ka sarƙe yatsu. Miƙe hannuwa su sandare kamar taɓarya, ka matso har kafaɗunka su zo saitin tafukanka, sannan ka riƙa sakin nauyinka daga ƙugu. Wanda ya zauna kan dugadugansa yana miƙo hannu daga nesa turi yake yi a karkace, wanda kuma ya lanƙwasa gwiwar hannu ya bar wa damtse aikin duka, nan da nan zai sare. Ƙirjin babba ya nutsa santimita 5 zuwa 6, kimanin faɗin yatsu uku, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowace danna ka bar shi ya taso sarai, hannunka na nan a kansa amma ba ka jingina ba, domin a wannan tasowar ce zuciya ke cika da jini.

Gajiya a wannan aiki ba ta sallama. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutum-mutumin horo sun nuna zurfin danna na soma raguwa tun bayan minti na farko, saurin yana nan yadda yake, mai yi kuma bai ji komai a jikinsa ba. Shi ya sa Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ce a riƙa karɓa-karɓa duk minti 2, kuma canjin kada ya wuce daƙiƙa 5. Mai karɓa ya durƙusa a ɗaya gefen tun da wuri, hannu a shirye, wani kuma ya riƙe waya yana duba lokaci. Wani zai ce shi yini yake yana huɗa, minti 2 me zai yi masa. Ai mai huɗa yakan miƙe ya sarara, kuma kunya ba ta lalacewa don an rage mata santimita ɗaya. A nan kuwa wannan santimitar ce ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma gajiyayye ne ke fara jingina a kan ƙirji bai sani ba. Wani kuma tsoronsa karya haƙarƙari. Yana faruwa, musamman ga tsofaffi, amma ƙashi yana ɗoruwa, sassauta hannu kuwa barin mutum ne ya tafi. In kai kaɗai ne, ka ci gaba kana kiran taimako, ka riƙa gyara kafaɗunka duk sanda ka ga sun ja baya, har mutumin ya motsa ko ma'aikata su karɓe ka.

Shugabannin masallatai da coci-coci da tashoshin mota na ƙaramar hukumar Jama'a da kewaye, ku gayyato ma'aikacin jinya ko ɗan agajin Red Cross ya zo da mutum-mutumi, a koyar da mutane bibbiyu, har da yadda ake karɓar juna.