Darasin Kiwon Lafiya: Idan Cikon Haƙori Ya Faɗi

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi akwai mutane da yawa waɗanda likita ya taɓa cike musu ramin haƙori. Ciko ba ya dawwama. Yakan yi shekara 10 ko fiye, amma wata rana mutum yana shan rake, ko yana cin gasasshiyar masara ko goro, sai ya ji wani abu kamar tsakuwa a bakinsa. Cikon ne ya faɗi. Me ya kamata mu yi?

Yadda haƙori yake

Haƙori yana da hawa uku. Na waje shi ne farin ɓawo mai tauri. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe wanda bai kai shi ƙarfi ba. Can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. Ba tsutsa ce take cin haƙori ba, kamar yadda ake faɗi. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani. Suna cin zaƙin da ya maƙale a baki, kamar na alewa, mazarƙwaila da shayi mai sukari, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda yake cinye haƙori har ya yi rami.

Likita yakan share ruɓaɓɓen wurin ya toshe shi. Wani cikon fari ne kamar haƙori. Wani mai launin azurfa ne, an haɗa shi da zaiba da azurfa da wasu ƙarafa. Ciko yakan faɗi idan ya tsufa, ko an tauna abu mai tauri, ko kuwa sabuwar ruɓa ta shiga ta gefensa.

Abin da za mu yi a gida

1. Mu tofar da cikon. Idan an haɗiye shi kada a damu, yakan fita tare da bayan gida.
2. Mu zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi, mu kurkure baki bayan kowane cin abinci.
3. Mu ci gaba da goge haƙorin da buroshi ko aswaki, a hankali, domin kada tuwo ya kwana a ramin.
4. Mu riƙa tauna ta ɗaya gefen. Mu bar rake, da alewa, da abu mai zafi ko sanyi ƙwarai.
5. Idan akwai zogi, babban mutum ya sha farasitamol ƙwaya 2, ya bar awa 6 kafin ya ƙara. Kada ya wuce ƙwaya 8 a rana.
6. Ana iya ɗiga man kanumfari kaɗan a ɗan ƙullin auduga mai tsabta, irin ta kantin magani, a sa a ramin. Yana rage zogi, amma ba ya warkarwa.

Abin da ba za mu yi ba

Kada mu sa ruwan batir, ko fetur, ko kanwa, ko garin taba a ramin. Suna ƙona dasashi da harshe. Kada mu danna asfirin a jikin dasashi, shi ma yana ƙonawa. Kada mu sakace ramin da allura ko tsinke. Kada kuma mu miƙa bakinmu ga mai cire haƙori a kasuwa. Kayan aikin da ba a dafa ba suna ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wani zuwa wani.

Kada mu jinkirta

Nan ne yawancinmu muke hasara. Mutum yakan ce, "Ai ba ya ciwo, bari sai na gama girbi." Fata takan warke da kanta, haƙori kuwa ba ya tofowa. Buhun masara da ya huje, in ba a ɗinke ba ɓarakar ƙaruwa take yi. Idan aka je cikin 'yan kwanaki, sau da yawa sabon ciko ya isa. Idan aka bari ruɓa ta kai jijiya, aikin zai yi tsada, ko kuwa a cire haƙorin. Zogi mai tsanani ma yakan ɗauke don jijiyar ta mutu, alhali mugunya tana taruwa a gindin haƙorin.

Saboda haka mu je babban asibiti mafi kusa, na Funtuwa ko na Malumfashi, mu nemi ganin ma'aikacin haƙori. Aiki mai wuya akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Zariya. Mace mai ciki, da mai ciwon sukari ko hawan jini, su gaya wa likita tun da fari.

Idan kunci ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ko akwai zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, a kai mutum asibiti a ranar, ko da dare ne. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro ya yi kisa.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Me mutanen ƙauyenmu suke sa wa haƙori mai ciwo? Wanne ne yake da lahani?
2. Me ya sa ɗaukewar zogi ba alamar warkewa ba ce?
3. Ta yaya ƙungiyarmu za ta taimaki wanda ba shi da kuɗin mota zuwa asibiti?