Garin neman dalilin rigimar yaro, kada ki koya masa sabon dalili

Yaronki na birgima ko buga kai da bango, kina son sanin abin da yake nema. Madalla. Sai dai gwajin da za a yi don gano dalilin, shi ma yana iya zama darasi ga yaron.

A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa a Amurka suka fito da hanyar da ƙwararru ke bi har yau: a sa yaro cikin yanayi daban-daban, a ga wanne ke tayar da halin. Kulawa yake nema, aiki yake gudu, ko daɗin abin kawai yake ji a jikinsa? Daga baya aka ƙara gwajin miƙa abin marmari. Nan gizo ke saƙar. Wani bincike na 1999 da Iwata ke ciki ya ga cusa hannu a baki ya ƙaru da aka riƙa ba da abin so a kansa, alhali a zaman yau da kullum ba a ba da wannan abin a kansa. Gwajin ne ya haifar da sabon dalilin.

1. Gobe da safe, ɗauki littafi, kada ki canja komai. Rubuta lokaci, abin da ya faru kafin rigimar, da abin da mutanen gida suka yi bayanta. Yi haka mako guda.

2. Abin da ke cikin littafin kaɗai za a gwada. In ba a taɓa ba shi waya don ya yi birgima ba, kada ki miƙa masa "don ki gani". Za ki gani kuwa, domin zai yi shiru. Kowane yaro zai yi shiru da waya a hannu. Jibi kuma birgimar da a da gudun wanka ce ta zama ta neman waya ma. Biskit da alewa sun fi komai saurin yin wannan ɓarna.

3. Lura da yadda halin ke tashi. Wanda ya bayyana tun zaman gwaji na farko, mai yiwuwa tsohon dalili ne. Wanda ke ƙaruwa a hankali, zama bayan zama, ki yi zargin koyo ake yi.

4. Gaya wa Kaka da mai aiki abin da kike yi. Mutum ɗaya mai tausayi da alewa a aljihu ya isa ya koya masa sabon dalili.

5. In halin na jawo rauni, bar gwaji ga ƙwararre. Tambaye shi kai tsaye: minti nawa kowane zama, me za a ba yaron, kuma ya duba littafina kafin ya zaɓa?

6. Da dalilin ya fito, koya masa hanyar roƙo mai sauƙi, ko kalma ɗaya, ko nuni da yatsa. Duk lokacin da ya yi, amsa masa nan take.