Ka tabbata imel ɗin ya tafi kuwa?

Hutun da ya wuce ina gida Gezawa, malamin da ke duba furojet ɗina ya ce kowa ya turo babi na uku ta imel kafin daren Juma'a. Na tura tun bayan la'asar, na jefa waya aljihu, na bi Baba gona. Ran Litinin da na shigo Kano, Malam ya ce bai ga komai ba. Har na fara rantse-rantse. Ina buɗe waya sai ga saƙon kwance a Outbox, an rubuta Queued a jikinsa. Ashe netwok ya ɗauke fayil ɗin na cikin hawa, data kuma ta ƙare a daren. Saura ƙiris a ƙi karɓar babin.

Abin da ban sani ba shi ne, danna kibiyar nan ba ya nufin saƙo ya bar waya. Manhajar Gmail tana ajiye shi a Outbox har sai ta samu intanet. Sai ya koma Sent ne za ka ce ya fita.

Yanzu duk saƙo mai muhimmanci ina tura wa kaina kwafi. A gefen layin To akwai 'yar alama, ka taɓa ta, Cc da Bcc za su bayyana. Sa adireshinka a Bcc, shi wanda ka tura wa ba zai gani ba. In kana da adireshi na biyu, misali na Yahoo, ni na fi son a sa wannan, don isowar saƙon can ta nuna ya fita daga Google gaba ɗaya. Masu iPhone ma an hutar da su, a saitin Mail akwai Always Bcc Myself, sau ɗaya ake kunnawa.

Kwafin na isowa, buɗe fayil ɗin daga cikinsa. A nan ne na taɓa gano na liƙa tsohon babi wanda ba a gyara ba. Ka kuma lura da nauyi: Gmail ba ya ɗaukar fayil da ya haura MB 25, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, in ba ka ba Malam izinin buɗewa ba, zai ga saƙo amma ba zai ga aiki ba. Haka in GB 15 ɗinka na kyauta ta cika da hotunan biki, ba shiga ba fita.

Amma fa kwafin shaida ce ta ranar da ka tura da lokacin, ba ta cewa an karanta ba. In ka kuskure harafi ɗaya a adireshin Malam, kwafinka zai iso lafiya lau, nasa kuwa ko ya dawo da Address not found ko ya faɗa hannun wani. Shi ya sa nake kwafo adireshin daga tsohon saƙonsa, ba na rubutawa da ka, sannan in jira minti biyar kafin in kashe data.