Darasin Yau: Yadda Za Ka Zaɓi Injin Yankan Ciyawa Mai Batir



Damina ta kankama, ciyawa ta fara rufe bayan ɗakunan kaji da gefen kwamin kifi. Kada mu raina ta. A cikinta ɓeraye da macizai da guza suke ɓuya, su sha ƙwai, su kwashe 'yan tsaki, ɓera kuma ya yi ta yawo da cuta daga wannan ɗaki zuwa wancan. A gefen ruwa kuwa, nan kwaɗi ke taruwa su far wa ƙananan kifi. Shi ya sa ake son a bar fili fes, aƙalla mita 1 zuwa 2, kewaye da kowane ɗaki.

Wani zai ce, ai feshi ya fi sauƙi. Gaskiya ne, amma ba a gefen ruwan kifi ba, don iska ko ruwan sama na iya kai maganin ciki. Injin fetur kuma ƙararsa na firgita kaji masu ƙwai, ga hayaƙi, ga tsadar mai. A nan mai batir yake da amfani. To, me za ka duba kafin ka ba da kuɗinka?

1. Irin ciyawarka
Idan ciyawa ce mai taushi da kake yankewa duk mako biyu, mai 18V ya ishe ka. Idan kuwa gamba ce ko kyasuwa da ta kai ƙugu, nemi mai 36V ko 40V wanda ake iya ɗaura masa wuƙar ƙarfe, ko ka fara saukar da ita da adda, sannan injin ya riƙa bi.

2. Kada lamba ta ruɗe ka
18V da 20V abu ɗaya ne. Batirin yana nuna 20 lokacin da ya cika fam, yana aiki kuma a kan 18. Haka 36V da 40V. Kada a ƙara maka kuɗi a kan wannan.

3. Girman batir
V ƙarfi ne, Ah kuma girman tanki. Ninka su ka ga abin da ka saya: 18V sau 2Ah ya ba ka 36Wh, 18V sau 4Ah ya ba ka 72Wh, wato ninki biyu. Nawa mai 4Ah yana yi min wajen rabin awa idan ciyawar ba ta yi kauri ba. Shawarata, ka sayi batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji, musamman da yanayin wutarmu.

Hattara da masu arha da ake rubuta musu manyan lambobi. Ƙaramin batirin 18V ƙwayoyi biyar ne a cikinsa, kuma da wuya su wuce 3Ah. Mai 4Ah ko 5Ah yawanci ƙwayoyi goma ne, dole ya fi girma da nauyi. Ka ga ɗan ƙarami, sakayau a hannu, an rubuta 10Ah? Ajiye musu kayansu.

4. Motar injin
Wanda aka rubuta Brushless a jikinsa ya fi tsada kaɗan, amma ba ya saurin zafi, yana tattalin caji, kuma ya fi daɗewa.

5. Zare ko wuƙa
Zaren roba mai kaurin 1.6mm na ciyawa mai laushi ne, 2.0mm zuwa 2.4mm na mai tauri. Tambayi mai shago tun a wurin: in zaren ya ƙare, akwai shi a nan? Injin da ba a samun zarensa ko batirinsa a garinku, kayan ado ka saya.

6. Batir ɗaya, kayan aiki da yawa
Kamfanoni irin su Makita, DeWalt da Ingco suna yin batir guda da ke shiga kayansu daban-daban masu ƙarfi ɗaya. In kana da injin huda na ɗayansu, sayi na ciyawar na kamfanin, ko da babu batir, ka rage kashe kuɗi.

7. Ɗaga shi ka ji
Sa batirin, ka riƙe shi kamar kana aiki. Sandar ta kai tsawonka? In sai ka sunkuya, bayanka zai gaya maka.

Yanzu ga kuskuren da ni na yi, don kada ku maimaita. Bara na sa wuƙar ƙarfe ina gyara gefen tankin tamfol, tarwada cike a ciki. Sau ɗaya wuƙar ta taɓa shi, sai ga ruwa yana tsiyaya. Ranar da bokitai muka yini, muna kwashe kifi zuwa wani tankin. Tun daga nan, duk abin da ke tsakanin taku ɗaya da tamfol, bututun roba ko wayar keji, da lauje nake yankewa.

Sauran abin kiyayewa: sa tabarau da takalmin roba mai tsawo, don tsakuwa na tashi. Kada yara su tsaya kusa. Kwashe ciyawar da ka yanke, kada ta faɗa ruwa, in ta ruɓe tana rage iskar da kifi ke shaƙa. Batir kuma ba ya son zafi: kada ka bar shi a rana, kada ka sa shi caji yana da zafi, kuma in rani ya zo za ka ajiye shi, bar shi da rabin caji a wuri mai sanyi.

Wanda ke da wajen da bai wuce ɗaki ɗaya ba, wallahi lauje da fartanya sun ishe shi, ya sa kuɗin a abinci. Mai ɗakuna da yawa da ke biyan 'yan ƙwadago duk wata, shi ne zai zauna ya lissafa kuɗin damina ɗaya, ya gwada da farashin injin.

Mai tambaya ya faɗi girman wajensa da irin ciyawar da ke damunsa, sai mu duba tare. Allah ya sa albarka a kiwonmu.