Tsakanin Uwa da 'Ya: Abin da Ake Rufewa da Abin da Ake Faɗa

Rufin asiri abin so ne a gidajenmu, har a addu'a muke roƙonsa. Sai dai akwai shirun da ke kare mutunci, akwai kuma wanda ke cin uwa da 'ya ta ciki shekara da shekaru, su wayi gari ba sa iya zama ɗaki ɗaya ba tare da faɗa ba. Wani babban bincike a Amurka, wanda aka fara fitar da sakamakonsa a 1998 kuma ya shafi mutum sama da 17,000, ya nuna cewa yawan wahalar ƙuruciya, kamar duka, cin zarafi da rabuwar iyaye, na tafiya da yawan ciwon damuwa da na zuciya bayan an girma. Ga shawarwari.

1. Uwa, ki raba naki da na 'yarki. Kuskuren da kika yi kina budurwa naki ne, tsakaninki da Ubangijinki. Amma wace ce ta haife ta, wane ne ubanta, da wa ta sha nono, wace cuta ke bin dangi, waɗannan haƙƙinta ne. Sau da yawa yarinyar da aka ba goggo riƙo takan tashi tana kiran mahaifiyarta Anti, sai ranar ƙunshinta wata tsohuwa ta saki baki a tsakar gida. Abin da ke ƙona ta ba riƙon ba ne, a'a, ganin kowa ya sani sai ita. Haka batun sikila: idan ita da mijin duk AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai cutar. Wanda ya ɓoye wannan don kada manemi ya gudu ya cuci jikokinsa.

2. Kunyar 'yar fari tana da iyaka. Ba kya kiran sunanta, ba kya ɗaukarta a gaban mutane, to, an gaji haka. Amma 'yar shekara 7 ba ta san al'ada ba, abin da ta gani kawai shi ne ƙanwarta a cinyarki. Ki rama mata a ɓoye: ki yi mata kitso da hannunki, ki ajiye mata ƙanzon tukunya, in ta yi wayo ki gaya mata dalili.

3. Ki lura da fushin da ya wuce laifi. Ta makara minti 10 daga islamiyya, sai ga ki da wayar caja, jikinki na rawa. Ki tsaya ki tambayi kanki: me ya same ni ina kamar ita? Wadda ta sha wuya a hannun matar uba, ko aka aurar da ita ba ta so, ko wani na gida ya taɓa ta, takan ga tsohon tsoronta a jikin 'yarta. Yarinyar kuwa ƙiyayya take gani.

4. In ta kawo miki ƙarar wani, ki gaskata ta tukuna. "Rufe bakinki, kada ki tona mana asiri, wa zai aure ki?" Mata da yawa sun fi riƙe wannan maganar a zuci fiye da abin da aka yi musu. In fyaɗe ne, a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, duk masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ko kawunta ne, ko ɗan kishiya, kada ya ƙara kwana gida ɗaya da ita.

5. Kada ki mai da ita abokiyar kukan miji da kishiya. Ubanta ne fa. Ki nemi tsararki.

6. Ke kuma 'ya, ki san yadda ake tambaya. Ba ranar suna ba, ba a gaban surukai ba. Ku biyu, kuna tsince shinkafa, ki ce: "Umma, yaya kuka yi zamanku a gidan Kaka?" In ta yi shiru, ki bar ta, wata rana ce. Ƙanwar uwa ko yayarta kan cike giɓin. Kuma kada ki zauna jiran "ki yafe ni". Iyaye da yawa ba su iya furta ta ba, sai dai ki ga an aiko miki da daddawa da yaji ba ki roƙa ba. Ban ce wannan ya wadatar ba, amma ki gane saƙon.

7. In barci ya ƙaurace, ko firgita ta yi yawa, ko tunanin kashe kai ya shigo, a haɗa addu'a da ganin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma suna duba masu damuwa, ba masu taɓin hankali kaɗai ba. In uwa ta ƙi zuwa, 'ya ta je ita kaɗai.