Darasi Na Gida: Me Za Mu Yi Da Man Da Ya Gama Suya?

'Yan'uwa, babu gidan da ba a suya. Muna soya ƙosai, da kifi, da doya, da nama, wasu da man gyaɗa, wasu da manja. Bayan an sauke kasko, sau da yawa akan bar sauran mai baƙi. Wata uwargida takan yi ta maimaita shi har ya ƙare, wata kuwa takan tuttular da shi a rariya. Duka biyu akwai hatsari. A darasin nan za mu duba dalili, da abin da ya kamata mu yi.

Yaushe mai yake gajiya?

Duk lokacin da mai ya sha wuta, yana ƙara lalacewa. Ga alamu biyar: ya yi baƙi, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfa in an saka abu, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ko yana warin tsufa. Irin wannan mai yana ɗauke da abubuwan da ke cutar jiki, kada mu ba iyalinmu, kada kuma mu soya abin sayarwa da shi. In mai bai kai haka ba, mu bari ya huce, mu tace da ƙyalle mai tsabta, mu zuba a kwalba mai murfi, mu ajiye inda rana ba ta kaiwa.

Don me ba za mu zubar a rariya ba?

Mai ba ya haɗuwa da ruwa. In ya huce a rariya ko kwata, sai ya manne, ya kama yashi da tsumma da leda, har hanyar ruwa ta toshe. Ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya shigo gida. Ƙanshinsa kuma yana jawo ɓera da kyankyaso. Ko manyan birane suna fama da wannan. A shekarar 2017, a birnin Landan na Ingila, an sami dunƙulen kitse da shara a magudanar ƙarƙashin ƙasa, nauyinsa wajen tan 130, tsawonsa mita 250.

Haka nan in mun zuba mai da yawa a lambu, yakan lulluɓe ƙasa, ruwa da iska su kasa isa ga saiwa. In ya gangara rafi ko tafki, sai ya shimfiɗu a saman ruwa, ya rage iskar da kifi ke bukata.

Amfanin da za mu iya samu

1. Kayan noma. Bayan kaka, mu wanke fartanya, da garma, da lauje, da adda, mu shanya, mu shafa musu man. Ba za su yi tsatsa kafin damina ba.

2. Fitila. Kakanninmu da man gyaɗa suke kunna aci-balbal. Ɗan kasko da lagwanin auduga sun isa. Mu ajiye ta inda yara ba za su ture ba.

3. Sabulun wanki. Ga kilo 1 na tataccen man gyaɗa, a sami giram 135 na sodar sabulu, da ruwa giram 350. A auna da sikeli, ban da kintace. A zuba soda cikin ruwa a hankali. Kada a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin zai fantsamo. A yi aikin a fili, cikin bokitin roba mai kauri, ban da tukunyar dalma, gama soda tana cin ta. A sa safar hannu, a kare ido, a kori yara. In ruwan sodar ya huce, a juye shi cikin man, a yi ta juyawa da muciyar da ba a tuƙa tuwo da ita, har ya yi kaurin kunu. A zuba a mazubi, a yanka bayan kwana 2, a bar shi ya bushe mako 4. Wannan sabulu na wanki ne, ba na wanka ba.

In ba shi da sauran amfani fa?

Mu bari ya huce sarai. Mu haɗa shi da toka ko garin katako har ya shanye, sa'an nan mu binne a rami, nesa da rijiya aƙalla mita 30. A gari kuwa, mu zuba a gwangwani mai murfi, mu sa a shara. Kada mu haɗa shi da baƙin man inji, wannan guba ne.

Gargaɗi: in mai ya kama da wuta a kasko, kada a watsa ruwa, wutar za ta yi sama. A rufe kaskon da murfin ƙarfe, a janye itacen ko a kashe risho.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Ina matan unguwarmu suke zuba man da ya gaji?
2. Mu ambaci alamu huɗu na man da bai kamata a ci ba.
3. Gida nawa za su iya tara mansu a jarka ɗaya, mu gwada yin sabulu a taronmu na wata mai zuwa?