Me Ya Sa Zoɓo Ba Ya Kwana Uku?

Duk wanda ya taɓa haɗa zoɓon sayarwa a hostel ya san wannan takaici. Ka zuba sukari da citta, ka ɗura a gora hamsin, wuta ta ɗauke da daddare, washegari da yamma gorunan sun kumbura, in ka buɗe sai ka ji "fus". Jari ya tafi. Alhali a Bodo ta ƙasar Faransa ana ajiye jar giyar inabi shekara ashirin ba ta lalace ba. Mu giya haramun ce gare mu, amma kimiyyar da ke ciki darasi ce ga ɗalibin fasahar abinci.

Abu huɗu ne ke riƙe da waccan giya: tsami, barasa mai kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, iskar salfa da ake ɗan sa mata, da sinadarin tanin na ɓawon inabi da 'ya'yansa. Tanin shi ne baurin da kake ji in ka tauna goro, shi ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Suna haɗa inabi iri-iri, kamar Cabernet Sauvignon mai bauri da Merlot mai laushi, wannan ya rufa wa wancan asiri.

To zoɓo fa? Yana da tsami sosai, ma'auninsa na pH yakan zauna wajen 3 ko ƙasa, kuma yawancin bakteriya ba sa son irin wannan wuri. Amma yis da fumfuna ko a jikinsu. Da ka zuba sukari ka ba yis abinci, zafin Wudil kuma ya ƙara masa kuzari. Sai ya mai da sukarin iska da barasa. Iskar ce ke kumbura gora, barasar kuma ita ce abin tsoro ga Musulmi. Shi ya sa tun zamanin Manzon Allah (SAW) ba a barin jiƙon dabino ko zabibi ya wuce kwana uku.

Jan launin kuwa daga sinadarin antosayanin yake. Yana son tsami, ba ya son rana da doguwar tafasa. Gwada da kanka: zuba zoɓo a kofi biyu, matsa lemon tsami a ɗaya, jefa 'yar kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi. Masu sa kanwa don kashe tsami su sani, katangar da ke tsare zoɓon suke rushewa.

Haɗi ma yana da nasa aiki. Kanumfari da citta suna rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, amma ɗanyen ɓawon abarba da kokwamba da aka sa bayan an sauke tukunya, yis suke shigowa da shi.

Mafita ta zo tun 1865, lokacin da Louis Pasteur ya nuna cewa ɗumama giya zuwa digiri 50 ko 60 na hana ta lalacewa. Kai ma ka tafasa komai tare, har da sukarin. Ka tace da tsaftataccen rariya, ka ɗura da zafinsa a kwalbar da ka dafa, ka toshe, ka ajiye a inuwa ko firji. Tsofaffin gorunan da aka tsinto, ka rabu da su. In ka tashi fitar da kaya kasuwa da suna da tambari, sai ka nemi rajistar NAFDAC.

Busasshen zoɓo shi ne mai tsawon rai, shi ya sa ake loda shi daga Jigawa da Kano har Meziko. In ka je gida Achika hutu, ka samo mudu ɗaya a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka yi kwalba uku: ɗaya da kanwa, ɗaya ɗurin sanyi, ɗaya ɗurin zafi. Ka riƙa rubuta launi da ƙamshin kowace kullum har mako guda. Ka ga ka samu abin furojet tun kafin malami ya tambaya.